Harafin da Zali Ta Ɗauka Zuwa Karofane

Duk wanda ya san kwarin Tama ya san Zali, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ake gani a garkar albasa tana tafe tana motsa baki ita kaɗai. Baƙi sukan ɗauka goro take ci. To ba goro ba ne, Zali ta rabu da goro tun da haƙoran taunarta suka rabu da ita. Harafi ne guda ɗaya take juyawa a baki, kuma sai da ta yi wata biyar tana juya shi.

A Tama aka haife ta, ita ce ta biyu a ɗakin Inna Cima, bayan yayarta Ramatu. Ba a kai su makaranta ba, ko ta allo ko lakwal, wato ta boko. Abin da suka samu na karatu daga bakin uwarsu suka tsince shi: Fatiha da gajerun surori uku. Inna Cima mace ce mai ƙaramar murya, amma in ta tsaya sallar asuba takan saki Fatiha a hankali, in ta kawo kalmar ƙarshe sai ta ja ta, ta ja ta, har numfashinta ya kusa ƙarewa: walal-laaallina. 'Yan matan biyu suna kwance a tabarma, rabinsu barci rabinsu farke, kalmar tana wucewa ta kansu. Haka ta shiga kunnensu, haka kuma ta fito daga bakinsu da suka isa salla.

Aure ya kai Ramatu Karofane, ya kai Zali wani ƙauye a kan duwatsun Keita, gidan wani mutum mai suna Tsoho, wanda tun yana saurayi ake kiransa haka kuma bai taɓa yin fushi ba. Shekarar aurensu ta uku ruwa ya ƙi. Maza suka watse neman abinci, Tsoho ya bi ayarin masu zuwa Abijan. Da aikin gyaran ƙasa ya zo, mata ne aka tarar a gari, su ne kuwa suka yi shi. Zali ta ɗauki dutse a ka har gashin tsakiyar kanta ya ƙare. Sun jera duwatsu layi-layi a kan fako don su tare ruwa, sun haƙa ramukan nan da ake kira rabin wata, kowane rami a dasa ɗan icce a cikinsa. In ka tambaye ta nawa ta haƙa sai ta yi dariya ta ce ka je ka ƙirga itatuwan.

Haƙoranta a can suka soma tafiya. Na farko tsakuwa ce a cikin tuwo ta fasa shi. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kusan kowace haihuwa da nata, ba su ko yi mata sallama ba. Na gaba dai suka tsaya, farare tas, har in ta yi murmushi ba ka cewa cikin gidan kango ne. Da Tsoho ya rasu, 'ya'ya kuma suka kama gabansu, wani Tawa wani Abijan, sai ta dawo Tama wurin Shafi'i, ɗan ƙanenta. Ya yanka mata gefen garka, ta kama noman albasa, ta ɗauka abin da ya rage mata a duniya ke nan.

Matar Shafi'i, Rufaida, ta yi karatun addini a Madawa. Yarinya ce mai sanyin magana, irin wadda in za ta gyara maka kuskure sai ta fara ba ka haƙuri. Ita ta buɗe wa matan unguwa makaranta a inuwar bedin ƙofar gida, bayan azahar, da baƙin allon da ake kira tabulo, da alli da ɗan littafin baƙaƙe. Zali ba karatu ya kai ta ba, inuwa ta kai ta. Takan zauna can baya da kwandonta tana tsinke busasshen ganyen albasa, tana jin mata masu jikoki suna rera alif, ba, ta, tana yi musu dariya a ciki. Ran nan ta ɗaga kai, ta ga Rufaida ta zana wani abu a tabulo, lanƙwasasshe kamar ƙwarya, ta ɗiga masa ɗigo guda.

"Wanga ai rabin wata na," in ji Zali. "Ga ma iccen nan ciki."

"Nun na, Gwaggo," in ji Rufaida.

"Ke dai kira shi yadda kika so. Ni na gina dubunsa."

Mata suka kwashe da dariya, amma washegari Zali ta zo ba kwando.

Tun daga ranar duniya ta soma yi mata wani iri. Tabaryar da aka jingine a bango ta zama alif. Kwanon da kaza ta bar ƙwayar hatsi a ƙarƙashinsa ya zama ba. In rana ta take, zafi yana rawa a kan tudu, sai ta hangi layukan duwatsu can nesa suna motsi a hankali daga dama zuwa hagu, ta tsaya da bokiti a hannu tana jiran su faɗi wani abu. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san mutanen Tama, kafin la'asar za a ce tsufa ya taɓa ta. Ta gama baƙaƙe, ta shiga wasulla, ta sha wuyar haɗi. Ranar da ta ɗora yatsa a layin farko na Alƙur'ani ta haɗa bisimilla da kanta, sai ta ji kamar ta shekara hamsin tana jin muryar maƙwabciya ta bayan danga, yau ta ga fuskarta. Ta yi kuka kaɗan, ta ce albasa ce a hannunta.

Da aka zo Fatiha, Zali ta gyara zama. Nan kam gidanta ne. Rufaida ta ce kowa ta karanta ita kaɗai, da layi ya zo kanta ta saki murya, ta bi ayoyin tiryan-tiryan, ta kawo ƙarshe ta ja shi yadda aka ja mata shi. Ta buɗe ido tana jiran yabo. Rufaida tana kallon ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Sake wurin ƙarshe."

"Walal-lallina."

"Ba lam na ba. Dubi nan." Ta nuna mata wani harafi mai ƙwai a gaba da ɗigo a sama. "Malamman dā lodi suka ce mai, shi ya sa mutanenmu suka hwaɗin shi awa lam. Amma ba haka Larabawa suka hwaɗi ba. Saurara." Ta faɗi kalmar, walad-dallin, da wani irin sautin 'da' mai kauri wanda ya cika mata baki, ba irin na dawa ko na daka ba.

Zali ta gwada, lam ya fito. Ta sake, 'da' irin na dawa ya fito. Rufaida ta ce gefen harshe ake kaiwa ga turamen sama, wato haƙoran tauna, a danna. Sai Zali ta wangame baki ta nuna mata. Hagu fili, dama fili.

"Turame biyu gare ni, Malama," in ji ta, "suna tsakar gida, guda ma ya tsage."

An yi dariya har wata ta ƙware. Zali ma ta yi, don ita ta jawo ta. Amma da mata suka watse ta tsaya tana naɗe tabarmar da ba tata ba, har sai da ya rage su biyu.

"Malama, an ce babu salla sai da Hwatiha."

"Haka na, Gwaggo."

"To Inna hwa? Har ta koma ga Allah hakanga taka hwaɗi."

Rufaida ta daɗe tana goge tabulon da ya riga ya gogu. Sa'an nan ta ce, "Wanda bai taɓa ji ba, Allah Ya san bai ji ba, uzuri gare shi. Amma wanda yaj ji, ya zama dole shi yi ƙoƙari shi gyara."

Magana ce mai rabi biyu, Zali kuwa rabin ƙarshe ta ɗauka ta tafi da shi. Inna ta yi nisa, ba a iya kai mata komai sai addu'a. Amma Ramatu tana nan Karofane, kwance tun damina, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata gardama. Ita ma lodin Inna ne a bakinta, sau goma sha bakwai kowace rana. Tsoro ya kama Zali, tsoro na gaske, kada yayarta ta je gaban Ubangiji da karkatacciyar Fatiha alhali ƙanwarta ta san madaidaiciya. Ta ƙudura a ranta za ta koyi harafin nan ko da dasashi ne, ta ɗauke shi ta kai Karofane tun da sauran lokaci. Ba ta iya kai abin da ba ta riƙe ba, don haka sai ta fara riƙe shi tukuna.

Nan fa aka shiga. Ta cusa ƙwallon dabino a kunci ya tsaya a madadin turmi, ta kusa haɗiye shi. Ta gwada guntun kara, ya yanke ta. Ta faɗa wa awaki, ta faɗa wa rijiya, ta faɗa cikin ƙarar injin ban-ruwa inda ba mai jin kunyarta. Shafi'i ya ce ko a kai ta Madawa a sa mata haƙoran roba, ta ce ba ta tsayawa gaban Allah da bakin aro. Kullum bayan azahar ta kawo wa Rufaida abin da ta samu, kullum Rufaida ta ba ta haƙuri. A cikin haka karatunta yana ta gaba, ta sauke surori tara da yatsa a kan takarda, amma harafin nan guda ya tsaya mata a ƙofa.

Da bazara ta kama, aka soma cire albasa. Zali takan fake da tsakar rana a gindin rudu, rumbun karan da ake ajiye albasa, iska mai ɗumi tana ratsa shi tana fitowa da wari mai daɗi. Nan barci yakan ɗauke ta ba ta shirya ba. Sau da yawa takan ga kanta a kan fakon Keita, mata sun yi dogon layi da kaya a ka, sai dai ba duwatsu suke ɗauke da su ba, haruffa ne. Mai alif tana tafe tana rangaji don ba nauyi. Mai nun ta tara ruwa a cikin nata, tsuntsaye suna biye da ita. Can gaba Inna Cima ce, ƙarama kamar yadda take, tana karɓa tana jerawa a ƙasa, ba ta ɗaga kai. Zali takan duba ko'ina ta rasa nata kayan, ta buɗe baki ta tambaya, sai kukan jaki ko faɗuwar albasa ya tashe ta. Takan zauna jim tana kallon kwarin yana ƙyalli, ba ta tabbata ko ta gama farkawa ba.

Labarin Karofane kuwa yana zuwa ta wayar salular Shafi'i. Yau an ce da sauƙi, gobe an ce ta ƙi cin abinci. Kowane kira sai Zali ta koma garka tana motsa baki da sauri.

Ranar da abin ya zo, ba ta neme shi ba. Motar masu sayen albasa ta tsaya a bakin hanya, hannu ya yi kaɗan, sai Zali ta naɗa gammo ta ce a aza mata kwando. Shafi'i ya hana, ta harare shi, aka aza. Nauyin ya sauko mata ta tsakar ka, ya bi wuya, ya danne muƙamuƙi, irin nauyin da jikinta ya sani tun tana da ƙuruciya. Tana tafe tana Fatiha a hankali don ta rage hanya. Da ta kawo ƙarshe, harshenta ya rasa wurin zuwa, ya baje, gefensa ya manne da dasashin sama na hagu, sai wani sauti mai kauri ya cika mata baki ya fito. Ta tsaya cik a tsakiyar hanya. Ta sake, ya sake fitowa. Ba ta sauke kwandon a mota ba, ta wuce da shi har gida, mai mota yana ta kira.

"Malama, saurara tun ban sauke ba!"

Rufaida ta saurara, ta sa hannu a baki. "Shi na, Gwaggo. Wallahi shi na."

Sai da aka yi kwana uku kafin harafin ya yarda ya fito ba kaya a ka. Mata suka yi mata barka, wata ta ce ashe maganin karatu dako ne. Zali ta yi murna, murna sosai. Amma da asuba ta huɗu, ta tsaya salla ta faɗi kalmar daidai, sai ta ji ɗakin ya yi faɗi. Shekara hamsin in ta kawo wurin nan ba ita kaɗai take faɗa ba, akwai wata ƙaramar murya a ƙarƙashin tata. Ba ta taɓa lura ba sai yau da ta nemi muryar ta rasa. Ta sallame ta zauna a kan buzu, kaɗaici ya rufe ta kamar ranar da aka fita da Inna.

A makon ne Fiddausiya, 'yar Ramatu, ta kira ta ce, "Inna Zali, in za ki zo ki zo."

Ta ɗaure albasa a ƙyalle, ta hau bayan kabu-kabu tun da hantsi. Hanya ta bi ta tsakanin tuddai, babur yana tsalle, ita kuwa ta rufe baki ruf kamar harafin zai zube. Ta shirya yadda za ta yi: ta fara da gaisuwa, ta bari a sha ruwa, sa'an nan ta ce, Yaya, na zo maki da wani abu. Za ta nuna mata da yatsa inda harshe yake zuwa. Ramatu ta fi ta kai tun suna yara, kwana biyu ya ishe ta.

Ta isa azahar ta gota. An fito da Ramatu rumfa don zafin ɗaki, an jingine ta da matashi. Zali ta tsaya a bakin rumfar. Yayarta da take ɗaukar damin gero ita kaɗai ta koma ɗan abu, kumatu sun faɗa, leɓe ya bushe, baki ba haƙori ko ɗaya. Idon ne kawai bai sake ba.

"Kin iso, 'yar makaranta?" in ji Ramatu. "Ina allonki?"

"Babu allo, Yaya, takarda muka yi."

"Ke da tsuhwa. Zamna nan in gan ki."

Suka gaisa, suka tambayi na gida ɗaya ɗaya. Ramatu tana faɗin kalma uku ta huta. Zali ta buɗe baki sau biyu za ta fara, sau biyu Fiddausiya ta shigo, da ruwa, da fura. Inuwar rumfa ta miƙe, aka kira la'asar a masallacin unguwa. Fiddausiya ta kawo ɗan dutse, uwarta ta shafa ta yi taimama, aka gyara mata fuska ta dubi gabas.

Ramatu ta daina jin kanta sosai, don haka ko sallar rana a fili take karatunta ba ta sani ba. Zali tana zaune dab da ita tana ji. Ayoyin suna fitowa ɗaya ɗaya, kowace da hutunta, kamar mai hawan tudu da tulu. Da ta kusa ƙarshe ta tsaya ta tara numfashi, ta tara, sa'an nan ta saki kalmar ta ja ta, walal-laaallina, da ƙaramar murya, har iskar ƙirjinta ta ƙare. Zali ta runtse ido. Muryar da ta nema ta rasa a ɗakinta ashe tana nan Karofane, ita ce kuma Zali ta hau babur ta zo don ta kashe.

A wurin ne rabin maganar Rufaida na farko, wanda ta bari a gindin bedi, ya iso ta. Wanda bai ji ba yana da uzuri. In ta faɗa, Ramatu ta ji. In ta ji, nauyin gyara ya hau kanta, ga baki ba turmi, ga ƙirji ba iska, ga kwanakin da ba su kai wata biyar ba, ƙila ba su kai biyar ba. Za ta ƙarasa su tana shakkar kowace salla da ta yi tun tana yarinya. Zali ta ji tausayin yayarta, ta ji kunyar kanta kuma.

Ramatu ta sallame. Ta daɗe tana maida numfashi, sa'an nan ta lalubo hannun ƙanwarta.

"Zali, tunda ke kin yi karatu. Kin ji ni yanzu. Hwaɗa mani gaskiya, daidai nika yi?"

Fiddausiya ta tsaya da kwano a hannu. Zali ba ta iya yi wa mai shirin tafiya ƙarya, ba ta kuma iya faɗin abin da ya kawo ta. Ta dubi hannun da ke cikin nata.

"Yadda Inna tak koya muna, haka kika yi, Yaya. Ko ɗigo ba ki bari ba."

"To alhamdu lillahi," in ji Ramatu. Ta saki jiki a kan matashi, fuskarta ta kwanta. "Dā ina tsoro ko na mance wani wuri. Tashi ki yi taki, rana na tahiya."

Zali ta yi alwala, ta shimfiɗa zane a gefen yayarta, kusa har gefen zanen yana taɓa tabarmar. Ta kabbara. Da ta kawo ƙarshen Fatiha ta kai gefen harshe ga dasashi ta danna, harafin ya fito daidai, mai kauri, a cikin bakinta kawai. Hawaye na bin fuskarta. La'asar ba a bayyana karatunta, Zali kuwa ba ta taɓa gode wa Allah a kan haka ba sai ranar.